Haƙƙin da sai ka roƙa kafin a ba ka

Akwai dokoki uku da duk lokacin da aka zo maganar ma'aikata sai kowace gwamnati ta ɗaga su tana nunawa: dokar kare lafiyar ma'aikaci a wurin aiki, dokar hutun haihuwa da jinyar iyali, sai kuma dokar goge wa mutum tsohon laifinsa daga fayil bayan ya gama hukuncinsa. A ido kamar ba abin da ya haɗa su, amma ni a ganina ciwonsu ɗaya ne. Duka ukun yawanci an rubuta su ne ta yadda mai rauni shi zai fara motsi. Lebura ne zai ce ba zan hau ba, mai ciki ce za ta shiga ofishin manaja ta nemi hutu, wanda ya fito daga gidan yari ne zai nemo lauya ya cike fom ya biya kuɗi ya jira alƙali. Kuma kowannensu ya san abin da zai iya biyo baya idan ya buɗe baki, shi ya sa mafi yawa ba sa buɗewa.

Bari na fara da wurin aiki, don nan ne abin ya fi muni, rai ake magana. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikinsu, kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, haɗari irin na faɗowa ko injin ya kama mutum shi ne kaso ƙarami. Mafi yawa cuta ce ke kashe su a hankali, ƙura a huhu, sinadarai, aikin da ba hutu, ciwon zuciya, abubuwan da ba a ganin jininsu a ƙasa ballantana a kira 'yan jarida. Tun 1981 ILO ta fitar da yarjejeniya mai lamba 155, kuma a cikinta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ma'aikacin da ya janye jikinsa daga aikin da yake da dalilin ganin akwai haɗari na kusa ga ransa ko lafiyarsa, dole a kare shi daga hukunci. A 2022 ma aka ƙara ɗaga darajar maganar, aka sa wurin aiki mai aminci cikin ginshiƙan haƙƙoƙin ma'aikata na duniya. Toh madalla, takarda dai ta yi kyau.

Yanzu mu je Savar, kusa da Dhaka a Bangladesh, ranar 23 ga Afrilun 2013. An ga tsagewa a bangon wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza, aka fitar da mutane. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe abinsu. Washegari da safe masu ɗinkin tufafi da ke hawan sama, yawancinsu mata, suka taru a bakin ginin suna tsoron shiga, ga tsagewar nan kowa ya ji labarinta, aka ce musu su shiga ko kuma a riƙe albashi. Suka shiga. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, aka tada manyan janaretocin da ke saman ginin, benen ya rufto. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka jikkata. Abin da nake so a duba shi ne, waɗannan bayin Allah ba jahilcin haɗarin ne ya kashe su ba, sun gani, sun sani, sun ma faɗa. Ma'aikatan banki sun zauna a gida saboda zaman gida ba zai ci musu albashin wata ba. Mai ɗinki kuwa lissafinta daban ne, in ta ƙi shiga yunwa tabbas ce, rushewar gini kuma wataƙila ce, sai ta zaɓi wataƙila.

Kar ma wani ya ce ai wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Amurka an yi dokar kare lafiyar ma'aikata tun 1970, ita ta haifi hukumar OSHA. A 1974 wasu ma'aikata biyu a masana'antar Whirlpool a jihar Ohio suka ƙi hawa wata ragar waya da ke rataye sama da inda ake aiki, saboda kwanaki kaɗan kafin nan abokin aikinsu ya ɓurma ta cikinta ya faɗo ya mutu. Aka sallame su gida ba biyan sauran awannin ranar, aka kuma sa musu takardar gargaɗi a fayil. Sai a 1980 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar cewa eh, ma'aikaci yana da ikon ƙin irin wannan aikin, kuma a hukuncin ma kotun ta ce dokar ba ta tilasta a biya shi kuɗin lokacin da bai yi aiki ba. Shekara shida kenan kafin a ce maka ka yi daidai. Wane magidanci ne ke da shekara shida? Kuma har yau a can idan aka kore ka saboda ka kai ƙorafin haɗari, kwana 30 kacal gare ka ka shigar da ƙara a ƙarƙashin wannan dokar, ka wuce haka shi kenan. Ita hukumar da kanta ta ce masu dubanta, haɗe da na jihohi, ba su kai 2,000 ba, ma'aikatan da za su kula da su kuma miliyan 130. Kun ga ke nan tsarin gaba ɗaya ya jingina ne a kan ma'aikaci ya kai ƙara, shi kuma ma'aikacin kullum jin sufabaiza yake yana cewa in ba za ka iya ba ga hanya nan, mutum nawa ne a bakin get suna jira.

Abin da ya yi aiki bayan Rana Plaza shi ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan ra'ayina. A watan Mayun 2013 ƙungiyoyin ƙwadago da manyan kamfanonin tufafi, waɗanda daga baya suka haura 200, suka sa hannu a wata yarjejeniya da za a iya kai mutum ƙara in ya saɓa mata. Injiniyoyi masu zaman kansu ne ke shiga masana'anta su duba wayoyin wuta da ginshiƙai da ƙofofin fita, ba sai wata mai ɗinki ta kira su ba, a wallafa rahoton kowa ya gani, masana'antar da ta ƙi gyara kuma a daina ba ta kwangila. Nauyin ya tashi daga kan yarinyar da ke bakin keke ya koma kan mai kuɗi. Wannan shi ne gyara, ba fosta a bango mai cewa lafiyarka ita ce gaba da komai ba.

Hutun iyali kuma, nan ne ake yin zaluncin cikin murmushi. Ba wanda zai ce wa mace mun kore ki don kin yi ciki, a'a, sai dai kwantiraginta ya ƙare a wata na shida kuma a ce kamfani na rage ma'aikata, ko ta dawo ta tarar an ba wani teburinta ita kuma an maida ta wani lungu har ta gaji ta ajiye da kanta. Shi ya sa za ka ga mace tana ɓoye cikinta da manyan kaya, tana shiga banɗaki ta yi amai ta wanke fuska ta dawo tana dariya, tana ƙirga watanni a zuci don kar a sani sai an tabbatar da ita a aiki. Doka ta ba ta hutu fa, amma ita ta san neman hutun shi ne sanarwar.

Yarjejeniyar ILO mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce hutun haihuwa kar ya gaza mako 14, shida daga ciki bayan haihuwa na dole ne, kuɗin da za a ba ta kuma kar ya gaza kashi biyu cikin uku na albashinta. Wannan kowa na ambata. Amma akwai abu biyu a ciki da nake ganin sun fi adadin makonnin muhimmanci kuma ba a cika maganarsu ba. Na ɗaya, ta ce kuɗin ya fito daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali, kar a ɗora wa mai kamfani shi kaɗai. Na biyu, idan aka kori mace tana da ciki ko tana hutu, mai kamfanin ne zai kawo hujjar cewa korar ba ta da alaƙa da cikin, ba ita za ta yi ta neman shaida ba. Waɗanda suka rubuta wannan sun san halin ɗan Adam. In ka ce mai ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar shi zai biya albashin wata uku ga wadda ba ta aiki sannan ya ɗauki wata ta riƙe wurin, wallahi ba sai ya zama mugu ba, gobe in mace mai sabon aure ta zo intabiyu zai sami dalilin da zai ce ba ta dace ba. Dokar da aka yi don mata sai ta koma ita ke hana su aiki. Amma in kowa na zuba ɗan kaɗan a asusu ɗaya, maza da mata da kamfanoni, to cikin ma'aikaciya ya daina zama asarar oga.

Amurka nan ma darasi ce, ta ɓangaren abin da bai kamata a kwaikwaya ba. Dokarsu ta hutun iyali da jinya ta 1993, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ta ba da mako 12 a shekara, aikinka na nan yana jiranka, amma ba ko sisi. Kuma sai kamfanin na da ma'aikata 50 zuwa sama, sai ka yi wata 12 da su, sai ka yi awa 1,250 a shekarar da ta gabata. Da waɗannan sharuɗɗan kaɗai sama da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar sun fita daga ciki, waɗanda suka rage kuma da yawa ba za su iya zaman wata uku ba albashi ba. Wasu jihohi irin su Kalifoniya sun yi nasu asusun suna biya, amma a matakin tarayya shiru. An ba ka haƙƙi, an ce in kana da kuɗin saye ka ɗauka.

Ɓangaren maza ya fi ban dariya. Japan na cikin ƙasashen da dokarsu ta fi ba uba dogon hutu in an yi masa haihuwa, har kusan shekara, kuma da biya. Amma an yi shekara da shekaru, har zuwa 2019, waɗanda ke ɗauka ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, don kowa na kallon na kusa da shi, ba mai son ya zama shi ne ragon ofis. Suwidin ta fara ba iyaye biyu hutun da za su raba tsakaninsu tun 1974, nan ma maza suka riƙa bar wa matan duka. Sai a 1995 aka ware wata guda aka ce wannan na uba ne, in bai ɗauka ba ya ƙone, ba a ba uwar. Aka ƙara ya zama biyu a 2002, uku a 2016, cikin jimillar kwana 480. Daga nan lissafin ya juya, wanda bai ɗauka ba shi ke bayani a gida da ofis. Ba wa'azi aka yi wa mazan ba, ba a ce sun canja hali dare ɗaya ba, kawai an canja abin da ke faruwa in mutum ya yi shiru.

Sai na ukun, wanda na san nan ne wasu za su ce malam dakata. Mutum ya yi laifi, kotu ta ce shekara biyu, ya yi shekara biyun ya fito. A takarda ya biya bashinsa. Amma ya zauna cike fom ɗin neman aiki, ya rubuta suna, ya rubuta makarantu, ya zo wani ɗan akwati a ƙasa, an taɓa yanke maka hukunci, eh ko a'a. Biro ya tsaya. In ya ce eh ya san inda takardar za ta ƙare, in ya ce a'a kuma aka bincika an kama shi da ƙarya, wata korar ce. Haka zai yi ta cin karo da akwatin nan wajen haya, wajen lasisin sana'a, wajen biza, shekara goma, shekara ashirin, alhali alƙali biyu ya ce. Waye ya yanke sauran? Ba kowa, kuma ba inda zai ɗaukaka ƙara.

Wata masaniyar zamantakewa, Devah Pager, ta gwada abin a birnin Milwaukee na Amurka, ta wallafa a 2003. Ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu su ce sun taɓa zaman gidan yari. Farar fata mara laifi kashi 34 cikin ɗari aka sake kiransu, mai laifi 17. Baƙar fata mara laifi 14, mai laifi 5. Ku dubi lambobin da kyau, farar fatan da ya ce ya yi gidan yari ya fi baƙin da bai taɓa komai ba samun kira, wannan ma wani zancen ne mai zaman kansa. A ƙasar da ake ƙiyasin kusan babba ɗaya cikin uku na da wani abu a fayil, kuma da yawa kamu ne kawai aka yi aka sake su ba a ma same su da laifi ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Toh ai akwai dokar gogewa, in ji su. Akwai. Wasu malaman shari'a biyu na Jami'ar Michigan, J.J. Prescott da Sonja Starr, sun bi bayanan jihar suka gano cewa cikin waɗanda doka ta ce sun cancanci a goge musu, kashi 6.5 cikin ɗari ne kawai suka samu cikin shekara biyar da cancantarsu. Ba alƙalai ne ke hanawa ba, mutanen ne ba sa nema, saboda wasu ba su san da dokar ba, wasu kuma an ce su kawo hoton yatsu da kwafin hukunci mai hatimi da kuɗin fom, su ɗauki hutu daga aikin da da ƙyar suka samu su koma kotun da suka fi tsana a duniya. Waɗanda suka daure suka samu kuwa, abin da suke samu na albashi ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin ɗari a shekara guda, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsu suka sake aikata laifi. Wato ga magani nan yana aiki, an sa shi a saman kabad inda mara lafiyar ba ya kaiwa.

Birtaniya tun 1974 ta bi wata hanyar. A dokarta, yawancin hukunce-hukunce in wani adadin shekaru ya wuce mutum bai sake ba, hukuncin ya tsufa da kansa, ba fom ba lauya, kuma in an tambaye shi a neman aiki yana da ikon cewa a'a, doka ce ta ba shi. Jihar Pennsylvania ta Amurka ta yi irin wannan a 2018, kwamfutar kotu ce ke bin fayil-fayil tana rufe ƙananan laifukan da suka cika sharaɗi da kuma tuhumar da ba ta kai ga hukunci ba, miliyoyin fayil aka rufe ba tare da mutum ya taka kotu ba. Ita ma Michigan ɗin daga baya ta bi sahu, nata ya fara aiki a 2023.

Masu adawa suna da magana, kuma ban ɗauke ta wasa ba. Uwa tana da haƙƙin sanin cewa direban motar makarantar 'yarta bai taɓa cin zarafin yaro ba, mai banki yana da haƙƙin sanin wanda zai ba makullin ma'aji ba ɗan damfara ba ne. Gaskiya ne, kuma dokokin da na ambata duk sun bar wannan ƙofar, a Birtaniya aikin yara da marasa lafiya da irinsu akwai bincike na musamman da ke fito da tsohon hukunci, manyan laifuka irin kisa kuma ba sa cikin waɗanda kwamfuta ke rufewa. 'Yan sanda da kotu su ma suna ci gaba da gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da mai fyaɗe a hana wanda aka kama da ƙullin wiwi yana ɗan shekara 19 aikin gadi yana ɗan shekara 40. Kuma ko don son kai ma, mutumin da aka toshe wa duk hanyar halal, ina kuke so ya nufa? Unguwar da zai koma ai tamu ce gaba ɗaya.

Akwai kuma rabin gyara da ke iya jawo wata ɓarnar. Wurare da dama a Amurka sun hana sa wancan akwatin a fom, sai an yi nisa a intabiyu za a tambaya. Niyya mai kyau, amma binciken da ita Starr ɗin ta yi da Amanda Agan a New Jersey da birnin New York ya nuna bayan an cire akwatin tazarar kira tsakanin fari da baƙi ƙaruwa ta yi sosai, don wasu masu ɗaukar aikin da aka hana su tambaya sai suka koma yin hasashe da sunan mutum da launinsa. Shi ya sa na fi son a rufe fayil ɗin daga tushe, mai ɗaukar aiki ya bincika ya ga ba komai hankalinsa ya kwanta, maimakon a ɗaure masa baki a bar shi da zargi.

Wani abin da ke damuna a duk wannan zancen, ILO ta ce kusan mutum biliyan 2, wajen kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, ba su da takardar ɗaukar aiki ma sam. 'Yar aikin gida, mai haƙar ma'adinai da hannu, lebura na yini, mai kai saƙo a babur da manhajar waya ke kira abokin hulɗa don kar ta kira shi ma'aikaci. Su waɗannan ba a maganar sun kasa neman haƙƙi, dokar ce ba ta san da su ba. In dai haƙƙin a jikin kwantiragi aka ɗaura shi, to kamfani zai yi ta neman dabarar da za ta sa kar a yi kwantiragin, ya ɗauko ka ta hannun ɗan kwangila, shi ma ta hannun wani, ranar da katako ya karye da kai kowa ya ce ba yaronsa ba ne. Don haka kuɗin haihuwa da diyyar rauni gara a ɗaura su a jikin mutum, duk inda ya je da lambarsa, wanda kuma ke cin ribar aikin a can sama shi doka ta kama ko 'yan kwangila nawa ya jera a tsakani.

Shi ma gogewar fayil yana da irin wannan ɓarakar. Kotu za ta rufe nata, amma akwai kamfanoni masu sayen bayanan kotu da yawa-yawa su adana su riƙa sayar wa masu ɗaukar aiki da masu gidan haya, ga kuma tsohon labarin jarida mai hoton mutum da ankwa wanda da an buga sunansa a Google shi ke fara fitowa. A Turai tun hukuncin kotun Tarayyar Turai na 2014 mutum na iya neman a cire irin wannan daga sakamakon bincike, amma kun ga an sake komawa gidan jiya, shi ne zai nema, shafi bayan shafi. Kamata ya yi duk kamfanin da ke cin abinci da sayar da tarihin mutane a tilasta masa sabunta rumbunsa daga na kotu lokaci-lokaci, in kuma ya sayar da fayil ɗin da aka riga aka rufe, tarar ta hau kansa kai tsaye, hukuma ce za ta bi shi, ba mutumin da ya rasa aikin ba wanda galibi ma ba a gaya masa dalilin da ya sa ba a kira shi ba.